Cutar da ke kwana cikin iri: darasin da sha'ir ke ba manoma game da ajiya

Kowace kaka, manomi mai lura yakan ware zangarnun da suka fi cika, ya ɗaure su daban, ya gaya wa iyalinsa cewa wannan iri ne, ko yunwa ta matsa ba a taɓa shi. Yana tsare shi daga ɓera da gara da ƙwari da ɗigar ruwa. Sai dai akwai wata abokiyar gaba da ba ya gani: tana shiga rumbu tare da irin, ta yi rani tare da shi, ranar shibka kuma su fito tare. Ita ce cutar tsirrai ta dangin funfuna, wadda ke manne a jikin ƙwaya ko kuma a can cikin cikinta.

Tambayar da masana noma suka daɗe suna yi ita ce: in an ajiye iri shekara ɗaya, ko biyar, ko goma, cutar takan mutu ne ko tana nan da ranta? Amsar da ta fi bayyana an same ta ne daga sha'ir, domin yana cikin tsirran da aka fi bin diddigin wannan al'amari a kansu. Abin da aka gano kuwa ya shafi duk mai ajiye irin alkama, ko dawa, ko hatsi.

Mene ne sha'ir?

Da yawa daga cikinmu sun san sunan sha'ir daga karatun zakkar fid da kai, amma ba su taɓa ganin gonarsa ba. Ɗan uwan alkama ne, mai dogon gashi a zangarniya, kuma yawancin ire-irensa ɓawonsu na manne da ƙwaya ko bayan an yi sussuka. An fara noma shi kimanin shekaru 10.000 da suka wuce a yankin Gabas ta Tsakiya. Yau shi ne na huɗu cikin tsabar da aka fi nomawa a duniya, bayan masara da alkama da shinkafa; ana girbe wajen ton miliyan 150 a shekara. Rasha, Faransa, Jamus, Kanada da Ostareliya na cikin manyan masu noma shi. A Afirka kuwa, Habasha da Maroko da Aljeriya ne a gaba. A ƙasashen Turai mafi yawansa dabbobi ake ba, wani kaso kuma kamfanonin giya ke saye, amma a tsaunukan Habasha da ƙauyukan Maroko abinci ne na yau da kullum.

A Nijar ba shi da yawa. Ana samun sa kaɗan a garaken Abzin, cikin jihar Agadas, inda ake shibka shi lokacin sanyi kusa da alkama. To amma cututtukan da ke bin irinsa suna da ƴan uwa na kusa a gonakinmu. Duk wanda ya taɓa ganin kan dawa ya koma baƙin gari maimakon tsaba, wato burtuntuna, ya riga ya san dangin.

Wurare uku da cuta ke ɓuya

Funfuna ba ƙwaro ba ce. Halitta ce mai rai, mai jiki kamar siraran zare waɗanda ido ba ya gani sai sun taru da yawa, kamar yadda suke taruwa kan tuwon da ya kwana uku. Tana yaɗuwa ta hanyar wata ƙura mai laushi, kowane ɗigo na ƙurar nan kamar iri yake gare ta. A jikin ƙwayar sha'ir akwai wurare uku da take samun mafaka, kuma wurin da ta ɓuya shi ke nuna tsawon ranta da irin maganin da zai kai gare ta.

Na farko shi ne bayan ƙwaya. Nan burtuntuna mai rufi take zama, wadda masana ke kira Ustilago hordei, masu Faransanci kuma charbon couvert. Zangarniyar da ta kamu takan cika da baƙin gari, amma wata ƴar fata na rufe da shi har girbi. Wajen sussuka ne fatar ke fashewa, garin ya bi lafiyayyun ƙwayoyi ya manne musu, har ya shige ƙarƙashin ɓawo. Ranar da aka shibka irin ya sha ruwa, ƙurar ma sai ta farka ta shiga ɗan tsiron tun bai fito daga ƙasa ba.

Na biyu shi ne cikin ɓawo da fatar ƙwaya. Nan ake samun cutar zanen ganye, Pyrenophora graminea, wadda ke sa ganye ya yi dogayen layuka rawaya, daga baya su koma ruwan ƙasa, ganyen ya tsattsage, zangarniya ta kasa fita ko ta fito babu tsaba. Wannan cuta ba ta da wata hanyar kai wa ga baɗi sai ta iri, kuma ta fi kama tsiro idan an shibka cikin ƙasa mai sanyi. Ƴar uwarta Pyrenophora teres na yi wa ganye tabo mai kama da saƙar raga, ita kuma tana rayuwa a iri da kuma kararen da aka bari a gona. Akwai kuma Bipolaris sorokiniana, mai baƙanta bakin ƙwaya da ruɓar da saiwa, da dangin Fusarium masu lalata zangarniya.

Na uku, wanda ya fi kowanne wuyar sha'ani, shi ne idon ƙwaya, wato ɗan wurin nan da tsiro ke fitowa. Nan burtuntuna mai tashi, Ustilago nuda, ko charbon nu, ke kwanciya.

Yadda burtuntuna mai tashi ke zagayowa

Labarin wannan cuta ya cancanci a bi shi daki-daki, domin shi ke nuna dalilin da ya sa kyan iri a ido ba hujja ba ne.

A gonar da ta kamu, zangarnun masu cuta sukan riga sauran fitowa da ƴan kwanaki. Maimakon tsaba, baƙin gari ne ke cikinsu. Fatar da ke rufe da shi ba ta da ƙwari, nan da nan take yagewa, iska ta kwashe garin, ta bar tsinken zangarniya tsirara. Wannan na faruwa daidai lokacin da lafiyayyun zangarnu ke buɗe furensu. Ƙurar da ta faɗa cikin fure sai ta tsiro, zarenta ya ratsa ƙwayar da ke ƙulluwa, ya je ya kwanta cikin idonta. Daga nan sai ya yi shiru.

Ƙwayar za ta nuna, ta cika, ta yi nauyi kamar kowace. Launinta bai sauya ba, ba ta wari, kuma ana iya cin ta ba tare da wata illa ba. In an gwada ta, za ta tsiro lafiya lau. Sai baɗi, bayan an shibka ta, zaren ya farka ya bi tsiron yana hawa tare da shi a ɓoye. Manomi zai yi ban ruwa, ya zuba taki, ya yi noma, gona ta yi shar. Ba zai san abin da ke ciki ba sai ranar da sha'ir ya fid da kai.

Hasarar tana da sauƙin lissafi, domin zangarniyar da ta kamu ba ta ba da ko ƙwaya ɗaya. Idan zangarnu 5 cikin 100 suka kamu, to kusan kashi 5 cikin 100 na amfanin gona ya tafi. A gonar da ke ba da ton 2, buhu guda ke nan mai kilo 100. Kuma idan lokacin fure ya zo da sanyi-sanyi da laima, furanni su daɗe a buɗe, irin da za a ɗiba daga wannan gona na iya ɗaukar cutar ninkin-ba-ninkin na bara. Haka abin ke hauhawa ga mai maimaita irinsa shekara da shekaru ba tare da magani ba. Alkama ma na da tata burtuntunar mai wannan hali, Ustilago tritici, abin da ya kamata masu noman alkama na rani a Ƙonni da Abzin su riƙe.

Shekara nawa cutar ke yi da rai?

A 1952 wasu masana biyu na ƙasar Kanada, Machacek da Wallace, suka fitar da sakamakon wani aiki da suka yi shekaru 10 suna yi. Sun ajiye irin alkama da sha'ir da wani ɗan uwansu, dukkansu masu ɗauke da cuta tun daga gona, suna ɗiba lokaci-lokaci suna dubawa. Sun tarar cewa mafi yawan irin ya rabu da funfunar da ke jikinsa kafin shekarun su cika, alhali shi yana iya tsirowa. Amma ba duk cututtukan ne suka mutu tare ba. Funfunar Alternaria da mai baƙanta bakin ƙwaya sun riga sauran mutuwa, ita kuwa mai tabon raga a sha'ir a hankali ƙwarai take rasa ƙarfinta.

Wannan ya nuna abu biyu. Ajiya na rage wasu cututtuka, gaskiya ne. Dangin Fusarium, alal misali, sukan ragu sosai cikin shekara ɗaya zuwa biyu a ɗakin ajiya na yau da kullum. Amma waɗanda suka shige cikin fatar ƙwaya ko idonta sukan yi shekaru da yawa suna jira. Manomin da ya ce zai bar irinsa ya kwana biyu a rumbu don burtuntuna ta mutu, bai yi dabara ba: shekara ɗaya ko biyu ba ta isa.

Gwajin da ya fi ba da mamaki yana gudana ne a tsibirin Svalbard na ƙasar Norway, can kusa da ƙarshen arewacin duniya. A 1986 bankin iri na ƙasashen arewacin Turai, wanda yau ake kira NordGen, ya ajiye ire-iren tsaba cikin wani tsohon ramin haƙar gawayin ƙasa, inda ƙasa ke daskare rani da damana, sanyin wurin na kusan digiri 3 da rabi ƙasa da sifili. An busar da irin ƙwarai, aka rufe shi cikin ƴan kwalabe da iska ba ta shiga. An tsara gwajin ya yi shekaru 100, wato har 2086, ana ɗauko kaso-kaso ana dubawa. Cikin abin da aka ajiye har da iri masu ɗauke da cututtuka 14 a tsirrai iri 9.

A 2021 masana biyu na Norway, Guro Brodal da Åsmund Asdal, suka bayyana abin da aka gani cikin shekaru 30 na farko. Dukkan cututtukan suna nan da ransu. Wasu sun ragu: wata cutar alkama ta sauko daga kashi 15 cikin 100 zuwa kashi 1. Amma a sha'ir, dangin masu zanen ganye da tabon raga ba su nuna alamar raguwa ba; adadin ƙwayoyin da ke ɗauke da su ya yi ta kai da kawo tsakanin kashi 30 da kashi 64 cikin 100 tsawon shekarun nan. Irin da aka rufe tun kafin a haifi yawancin matasan yau, in aka shibka shi gobe, da cutarsa zai tashi.

Abin da ke raya iri shi ke raya cutar

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Ƙwayar iri da funfunar da ke cikinta duk masu rai ne, kuma duk barci suke yi idan babu ruwa. Abin da ke tsofar da su iri ɗaya ne: laima da zafi. Masu ilimin iri na da wata ƙa'ida da wani masani Ba'amurke mai suna Harrington ya tsara: duk lokacin da aka rage laimar da ke cikin iri da kashi 1 cikin 100, tsawon ransa kan ninka, haka nan duk lokacin da aka rage zafin wurin ajiya da digiri 5. Funfunar da ke kwance cikin ƙwaya tana cin moriyar wannan bushewa da wannan sanyi kamar yadda ƙwayar ke ci.

Ke nan mafi kyan ajiya shi ne mafi kyan mafaka ga cutar. Wannan shi ne abin da ke damun bankunan iri na duniya, har da babban rumbun Svalbard da aka buɗe a 2008, inda ake ajiye iri cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, da kuma cibiyoyi irin na ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, mai adana ire-iren hatsi da dawa da gujiya. Idan iri ya shiga da cuta, da ita zai fito, kuma ana iya aika shi wata ƙasa inda ba a taɓa sanin cutar ba. Shi ya sa masanan Norway suka ba da shawarar a tantance lafiyar iri tun kafin a rufe shi.

Mai karatu na iya cewa: to ai mu zafi gare mu, rumbunmu ba firigo ba ne, watakila cutar ta mutu da wuri. Zafi na gaggauta mutuwarta, haka ne. Amma yana gaggauta mutuwar irin shi ma, musamman idan damana ta shigo iska ta yi laima. Wanda ya jira zafi ya kashe masa cuta, yana iya wayar gari da irin da rabinsa ba ya tsirowa. Ban da haka, daga girbi zuwa shibka ta gaba watanni ne kawai, kuma yawancinsu na rani ne, busassu. Babu ɗaya daga cikin cututtukan da muka lissafa da ke kasa tsallake wannan ɗan lokaci.

Funfunar gona da funfunar rumbu

A nan akwai bambancin da ya kamata a gane, wanda masanin Amurka Clyde Christensen na jami'ar Minnesota ya yi fice wajen bayyana shi. Duk cututtukan da aka ambata a sama na gona ne. A gona suke shiga ƙwaya, lokacin da take ɗanya. Cikin rumbu ba sa girma, ba sa tsallakawa daga wannan ƙwaya zuwa waccan, jira kawai suke yi.

Funfunar rumbu daban take. Dangin Aspergillus da Penicillium ne, kuma ba sa bukatar ruwa mai yawa. Da zarar laimar tsaba ta haura kashi 14 cikin 100, sai su fara aiki. Suna fara cin idon ƙwaya, su kashe ƙarfin tsirowarta, tsaba ta yi ɗumi, ta yi warin ruma, ta dunƙule. Wasu daga cikinsu na fitar da guba, kamar aflatoksin da aka sani a gujiya da masara, mai lahani ga hanta. Saboda haka ba a cewa bari a bar iri da ɗan laima don cutar gona ta mutu. An kori ɓarawo ke nan an shigo da ɗan fashi.

Wani abin lura kuma: mutuwar funfuna ba ta nufin gubarta ta tafi. Sha'ir ɗin da Fusarium ta kama sosai na iya ɗauke da gubar da ke sa mutum ko dabba amai, kuma gubar na nan daram ko bayan funfunar ta daɗe da mutuwa cikin ajiya.

Yadda ake gano iri mai cuta

Burtuntuna mai rufi, in ta yi yawa, ana ganin baƙin gari a tafin hannu ko a ruwan da aka wanke irin. Baƙin bakin ƙwaya da ƙwayoyin da suka motse su ma ido na kama su. Mai tashi kuwa sai ɗakin bincike. A can ana jiƙa irin cikin wani ruwan sinadari mai narkar da ƙwaya, a tace idanun su kaɗai, a duba dubbansu ɗaya bayan ɗaya da madubin ganin ƙananan halittu, a ƙirga masu zaren cuta. Don gano sauran kuma ana jera ƙwayoyi kan jiƙaƙƙiyar takarda, a bar su kamar mako guda, a ga abin da zai tsiro a jikinsu.

Manomin da ba shi da ɗakin bincike yana da hanyar da ba ta cin ko dala: ya duba gonar da za a ɗebi irin tun amfanin na tsaye. Lokacin fid da kai, cutar ba ta iya ɓuya. Gonar da aka ga baƙaƙen zangarnu a cikinta, ko a gonar da ke maƙwabtaka da ita, ba wurin ɗibar iri ba ce.

Magunguna, daga ruwan zafi zuwa na zamani

A 1755 wani Bafaranshe, Mathieu Tillet, ya nuna ta hanyar gwaji cewa baƙin garin da ke manne wa irin alkama shi ke jawo cutar a shekara mai zuwa. A 1807 Bénédict Prévost, a garin Montauban, ya gano cewa garin nan halitta ce mai tsirowa, kuma ruwan da ke da sinadarin jan ƙarfe na hana ta. Wannan ya magance cututtukan bayan ƙwaya, amma bai taɓa wadda ke cikin ido ba.

A 1888 Jensen, ɗan ƙasar Danmak, ya fito da dabarar ruwan zafi. Yadda aka gyara ta daga baya shi ne: a jiƙa irin cikin ruwan sanyi na ƴan awoyi don zaren cutar ya farka, domin farkakken zare ya fi saurin mutuwa, sannan a tsoma shi cikin ruwa mai zafin digiri 52 na kamar minti 10, a sanyaya shi nan take, a shanya. Dabarar na aiki, sai dai tazarar da ke tsakanin zafin da ke kashe cutar da wanda ke kashe irin ƴar kaɗan ce. Ba aikin da ake yi da kintace ba ne, sai da ma'aunin zafi da wanda ya san hannunsa.

A yankin Punjab, a 1934, masani Luthra da abokin aikinsa Sattar suka sauya ruwan zafi da rana. A watannin Mayu da Yuni, lokacin da zafi ya kai ƙarshe a can, ana jiƙa irin alkama awa 4 da safe, daga tsakar rana kuma a baza shi siriri cikin rana har la'asar. Zafin rana ke kashe cutar, irin ya bushe, a ajiye shi har lokacin shibka. Rana ba ita muka rasa ba a watannin Afrilu da Mayu, amma mai son gwada wannan ya fara da ɗan kaɗan, tare da malamin gona, ya kuma gwada tsirowar irin daga baya.

Sai a 1966 aka samu maganin farko mai shiga cikin tsiro ya bi cutar har inda take, mai suna karboksin. Bayansa wasu sun biyo, irin su tebukonazol. A nan ma akwai darasi: a shekarun 1980 an gano a Faransa cewa burtuntunar sha'ir ta fara jure wa karboksin saboda yawan amfani da shi. Abin da mai saye zai riƙe shi ne, magungunan iri kashi biyu ne. Akwai masu tsayawa a bayan ƙwaya, kamar tiram, waɗanda ke maganin burtuntuna mai rufi amma ba sa kai wa ga mai tashi. Akwai kuma masu shiga ciki. A karanta takardar da ke jikin ƙunshin, a tabbatar maganin na cikin waɗanda kwamitin tantance magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, na ƙungiyar CILSS, ya amince da su, a kuma nemi shawarar ma'aikatan kare tsirrai.

Irin da aka sa wa magani ba abinci ba ne

A ƙarshen 1971 ƙasar Iraƙi ta shigo da dubban ton na irin alkama da na sha'ir daga Meziko da Amurka, waɗanda aka cuɗa da maganin funfuna mai sinadarin zaiba. An rina irin da jan launi, an rubuta gargaɗi a buhunan, amma cikin Sifaniyanci da Ingilishi, harsunan da manoman ba sa karantawa. A wurare da yawa irin ya iso bayan lokacin shibka ya wuce. Mutane suka wanke launin, suka ɗauka gubar ta fita, suka niƙa suka yi burodi. An kwantar da mutum 6.530 a gidajen likita, 459 suka rasu a can, ban da waɗanda suka mutu a ƙauyuka ba a ƙirga su ba. Wasu sun makance, wasu jikinsu ya shanye.

An daina amfani da magungunan zaiba a kan iri, amma na yau ma guba ne. Wanki na fitar da launi, ba ya fitar da magani. Irin da aka cuɗa da magani ba a ci, ba a ba kaji ko bisashe, ba a kai shi kasuwa a matsayin abinci, ba a kuma zuba cimaka cikin buhunsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya shafi dawa da hatsi

Burtuntunar da ke mayar da ƙwayoyin dawa ƴan jakunkuna masu baƙin gari, Sporisorium sorghi, halinta ɗaya da mai rufi ta sha'ir: wajen sussuka take bin iri, a bayan ƙwaya take zama, tana kuma yin shekaru da ranta a busasshen wuri. Cuɗa iri da magani kafin shibka na kawar da ita kusan gaba ɗaya, kuma kuɗinsa bai kai hasarar dami ɗaya ba. Kuturtar hatsi, mai mayar da zangarniya tarin ganye, tana bin iri tana kuma daɗewa cikin ƙasar gona, don haka sai an haɗa maganin iri da tuge masu cutar da wuri da kuma shibka ire-iren da ke jure mata, irin waɗanda INRAN da ICRISAT ke fitarwa. Burtuntunar hatsi kuwa ta iska take shiga fure, maganin iri ba ya hana ta. Sanin hanyar da cuta ke bi shi ke hana mutum zubar da kuɗinsa a banza.

Abin da manomi zai yi

A zaɓi iri tun a gona, daga wurin da babu baƙaƙen zangarnu. Waɗanda suka kamu a cire su da wuri, a rufa musu leda kafin a yanke don kada garin ya tashi, a ƙone su nesa da gona. A sussuke iri daban, kafin sauran amfanin gona, a kan tsabtataccen wuri, a sheƙe shi da kyau a fitar da motsattsun ƙwayoyi.

A busar da shi sosai, laimarsa kada ta wuce kashi 12 cikin 100. Mai son tabbatarwa ya zuba tsaba da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, ya rufe ya girgiza, ya bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Buhunan PICS masu ninki uku da jarkokin da ke rufuwa ruf suna kashe ƙwari, suna hana laima shiga, amma ba sa warkar da irin da ya shiga da cuta.

Kafin shibka a ƙirga ƙwaya 100, a sa su cikin jiƙaƙƙen tsumma ko yashi, a duba bayan kwana 7. In waɗanda suka tsiro sun kai 85, irin na da ƙarfi. A tuna dai wannan gwaji ƙarfin iri yake nunawa, ba lafiyarsa ba. Sannan a cuɗa shi da maganin da ya dace, da safar hannu da abin rufe hanci, daidai adadin da za a shibka. Bayan ƴan shekaru kuma a sabunta iri daga masu samar da ingantaccen iri da hukuma ta tantance.

Ga ƴan birni masu sayen tsaba a kasuwa su aika ƙauye a shibka, ko masu shigo da irin alkama da sha'ir daga ƙasashen maƙwabta, tambaya ɗaya ce ta fi farashin tiya muhimmanci: daga wace gona irin nan ya fito, kuma wa ya ga gonar lokacin da ta fid da kai?